Tsakanin Broadway da Hollywood: me jarumai mata suke komawa nema a dandamali?

Wata 'yar'uwa mai sha'awar tsofaffin finafinan Amurka, irin baƙi-da-farin nan na tsakanin 1930 da 1960, ta yi tambaya. Ta ce ta lura kusan duk jarumar da ta karanta tarihinta sai ta ga daga wasan dandamali ta faro, wasu kuma bayan sun yi suna a fim sai su tattara su koma can. Shin dandamali makaranta ce kawai da ake bi a wuce zuwa fim? In haka ne, me zai mayar da wadda ta gama makaranta cikin aji?

Malama, kin lura da abin da yake gaskiya, kuma tambayarki ta biyu ita ce ta fi nauyi. Ga da yawa daga cikinsu dandamali makaranta ce, babu musu. Amma abin da ya riƙa mayar da su can magana ce ta wa ya mallaki wa. A Hollywood ta wancan zamani kamfani ne yake da jaruma: shi zai sa mata suna, ya zaɓi launin gashinta, ya miƙa mata rawar da za ta taka, ya ba da aronta ga wani kamfani in ya ga dama. A Broadway kuwa, wato unguwar gidajen wasan kwaikwayo da ke New York, yarjejeniya ta wasa ɗaya ce, in wasan ya ƙare kowa ya kama gabansa. Kuɗi da suna suna Kalifoniya, 'yancin kai yana New York, tsakaninsu tafiyar kwanaki a jirgin ƙasa. Macen da take da ƙafa a wurare biyun ita ce take iya zama ta yi ciniki da masu kamfani ido cikin ido.

Tun farko ma kallon raini 'yan dandamali suke yi wa fim. Mary Pickford, wadda aka haifa a Toronto ta Kanada a 1892 da suna Gladys Smith, tun tana ƙaramar yarinya take yawon wasa gari-gari don ciyar da gidansu. David Belasco, babban furodusan Broadway, shi ya raɗa mata sunan da duniya ta santa da shi a 1907. Da ta je kamfanin Biograph wajen D. W. Griffith a 1909, rashin aiki ne ya kai ta, a lokacin da kamfanin ko sunan 'yan wasa ba ya bugawa. Zuwa 1916 tana karɓar dala 10,000 a mako, a 1919 kuma tana cikin mutum huɗun da suka kafa United Artists tare da Charlie Chaplin da Douglas Fairbanks da Griffith ɗin. Lillian Gish ma haka, 'yar yawon wasa ce tun ƙuruciya kafin ta faɗa hannun Griffith a 1912. Sai dai fim marar magana ba ya buƙatar abin da dandamali ya fi koyarwa, wato murya. Fuska yake so, da ido, da motsin jiki. Shi ya sa a shekarun 1920 Hollywood ta iya ɗauko yarinya daga gasar kyau, irin Clara Bow, ta mai da ita tauraruwa ba tare da ta taɓa tsayawa gaban 'yan kallo ba.

A watan Oktoba na 1927 kamfanin Warner ya fito da The Jazz Singer, aka ji Al Jolson yana waƙa yana magana daga cikin majigi. Cikin shekara biyu zuwa uku fim marar magana ya zama tsohon yayi. In kiɗa ya canza dole rawa ta canza, kuma rawar da kamfanoni suka yi ita ce ta ruguwa New York sayen murya. Na'urar ɗaukar sauti ta farko ba ta da haƙuri ko kaɗan. Ana ɓoye makirufo cikin tukunyar fure ko bayan wani kayan ɗaki, ana kulle kamara cikin wani ɗan akurki don kar a ji ƙararta, 'yan wasa kuma su tsaya kusa da makirufo su yi ta magana. Wanda zai iya haddace doguwar magana ya faɗe ta sarai ba gargada, shi ake nema, kuma irin waɗannan a Broadway suke. A kakar 1927 zuwa 1928 sama da wasanni 250 aka buɗe a can. Sai karayar tattalin arziki ta 1929 ta zo ta rufe gidajen wasa da yawa, ga yunwa a gida ga kamfanonin fim suna kira da albashin mako-mako. Kamfanin Paramount har ɗakin ɗaukar fim yake da shi a Astoria, cikin New York ɗin, inda ɗan wasa zai yi fim da rana ya tsallaka ya hau dandamali da dare. A nan Jeanne Eagels ta yi The Letter a 1929, shekarar da ta rasu. Ta wannan ƙofa ta Broadway Claudette Colbert ta shiga, da Ruth Chatterton, da Barbara Stanwyck, da Bette Davis wadda ta fara fitowa a Broadway a 1929 ta isa Hollywood a ƙarshen 1930. Daraktoci ma an kwaso su. George Cukor, da za ki ji sunansa nan gaba, aikin da aka fara ɗaukarsa shi ne koya wa 'yan fim yadda ake furta magana.

Wadda labarinta ya fi ba ni daɗi a wannan tsakani ita ce Marie Dressler. Tsohuwar 'yar barkwancin dandamali ce, an haife ta a 1868, ta shiga yajin aikin 'yan wasa na 1919, ta yi shekaru aiki yana yi mata wuyar samu. Da magana ta shigo fim sai ga ta ta ci Oscar da Min and Bill tana da shekara 60 da ɗoriya, a 1932 da 1933 kuma babu jarumin da ya fi ta jan 'yan kallo a Amurka, mace ko namiji.

To amma kada ki ɗauka duk wadda ta iya dandamali ta iya fim. Sana'o'i ne guda biyu masu kama da juna. A dandamali mutumin da ke kujerar ƙarshe can sama shi ma ya biya kuɗinsa, dole muryarki ta kai masa, dole ya ga fushinki daga nesa, don haka da kafaɗa da hannu da tafiya ake faɗin abin da ke zuciya. Ana fara labari daga farko a kai shi ƙarshe cikin awa biyu da wani abu, sau 8 a mako, kuma 'yan kallo suna gaya miki nan take in kin yi daidai, ta dariyarsu ko ta shirunsu ko ta tarin da suke yi in sun gaji. A fim fuskarki ce za a faɗaɗa ta cika bango. Ɗaga gira ɗaya ya isa ihu. Ana iya ɗaukar mutuwarki ranar Litinin, a ɗauki haɗuwarki da masoyinki ranar Juma'a, a maimaita jimla ɗaya sau 20, kuma babu mai tafa miki sai ma'aikatan fitila da suka ƙosa a tashi. Daga ƙarshe darakta da mai yanka fim su ne za su zaɓi wace fuskar taki duniya za ta gani.

Na ga wannan da idona a aji. Akwai wata ɗalibata da in ta hau dandamali sai ɗakin ya yi tsit, muryarta kamar an buga ƙararrawa. Ranar da muka fara tsayar da ita gaban kamara za ta faɗi jimla ɗaya ta wadda aka sanar da mutuwar mahaifinta, sai ta buɗe ido, ta dafe ƙirji, ta ja da baya taku biyu har ta fita daga inda kamara take gani. Da muka kunna mata ta kalla ita ce ta fara fashewa da dariya. Sai da muka yi sati muna sa ta zauna a kan hannuwanta, ta yi tunanin abin kawai ba tare da ta nuna ba, sannan kamara ta fara ganin baƙin cikin. Ba ƙaramin aiki ba ne mutum ya sauke abin da ya yi shekaru yana ɗauka.

Akwai kuma kishiyar wannan matsala. Frank Capra ya lura cewa Barbara Stanwyck, wadda ta taso daga layin 'yan rawa ta yi suna da wasan Burlesque a 1927, duk ƙarfinta a ɗauka ta farko take zubewa, kamar yadda ake yi a dandamali inda babu "a sake". In an maimaita sai abin ya yi sanyi. Don haka lokacin Ladies of Leisure a 1930 sai ya rage yin gwaji da ita, ya jera kamara fiye da ɗaya don ya kama karon farkon nan.

Wasu sun je sun ɗanɗana sun dawo da ƙafarsu. Helen Hayes ta ci Oscar da fim ɗinta mai magana na farko, The Sin of Madelon Claudet na 1931, amma zuwa 1935 ta koma Broadway tana taka Sarauniya Victoria tun daga budurci har tsufa cikin dare ɗaya. Katharine Cornell kuwa ƙi ta yi gaba ɗaya. In ban da 'yar gajeruwar fitowa a wani fim na lokacin yaƙi a 1943, ba ta yarda da kamara ba. Ta gwammace ta kwashi tawagarta a jirgin ƙasa ta zaga Amurka. A ranar Kirsimeti ta 1933 ambaliya ta tsare jirginsu a hanyar Seattle, ba su iso ba sai can cikin dare, suka tarar 'yan kallo suna zaune suna jira. Aka kafa kayan wasa a gabansu, aka fara wajen ƙarfe 1 na dare, aka tashi gab da asuba. Wadda ta saba da irin wannan, me za ka ba ta a ɗakin ɗaukar fim?

Yanzu ga maganar kwangila, wadda ita ce ƙashin bayan amsar. Kwangilar da manyan kamfanoni suka saba bayarwa ta shekara 7 ce, amma kamfani yana da damar sallamar ɗan wasa duk bayan wata 6 ko shekara, shi kuwa ɗan wasan ba shi da damar tafiya. In jaruma ta ƙi wata rawa sai a dakatar da ita ba albashi, kuma a ɗora kwanakin dakatarwar a ƙarshen kwangilar, ta yadda shekara 7 za ta iya zama 8 ko 9. Bette Davis ta gaji da finafinan banza da Warner yake tura mata, a 1936 ta tsallaka Ingila za ta yi aiki a can. Kamfanin ya bi ta har kotun Landan, kuma ya yi nasara a kanta. Ta dawo da bashin lauyoyi, kodayake daga nan aka fara ba ta ayyukan kirki, har ta ci Oscar ta biyu da Jezebel na 1938. Olivia de Havilland ce ta karya wannan ƙa'ida. Da kwangilarta ta cika a 1943 Warner ya ce da sauran wata 6 na dakatarwa. Ta kai ƙara, a watan Disamba na 1944 kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta yanke cewa shekara 7 shekara 7 ce ta kalanda. Ta biya farashi, don kusan shekara biyu ba ta yi fim ba. Har yau lauyoyin can da sunanta suke kiran wannan hukunci. Kuma ki duba abin da ta yi da 'yancin: ta je New York ta kalli wasan The Heiress a dandamali, ta nemi William Wyler ya je ya gani, aka yi fim ɗin a 1949, ta ci Oscar.

Wanda ya fi kowa nuna amfanin dandamali a wannan kokawa shi ne labarin Katharine Hepburn, kuma zan ɗan daɗe a kansa.

An ganta ne a Broadway a 1932 cikin The Warrior's Husband, kamfanin RKO ya ɗauke ta, Cukor ya sa ta a fim ɗinta na farko a shekarar, fim na uku kuma, Morning Glory na 1933, ya ba ta Oscar. Tana da shekara 26, kai ya ɗau zafi, ta ce bari ta koma New York ta nuna musu. Wasan da ta yi, The Lake, ya zama abin kunya. Daga nan ne aka samu baƙar maganar nan da ake dangantawa da marubuciya Dorothy Parker, cewa Hepburn ta nuna kowane irin yanayi na zuciya tun daga harafin A har zuwa B. Furodusan ya so ya zaga da wasan wasu garuruwa don sunanta yana sayar da tikiti, ita kuwa ta biya shi kusan dala 14,000 daga aljihunta don a rufe. Ki riƙe wannan, don kar a ce dandamali kullum uwa ce mai rarrashi.

Ta koma fim, wasu suka karɓu, da yawa suka faɗi. 'Yan kallo suna ganinta mai girman kai, tana sa wando, ba ta son 'yan jarida, maganarta ta 'ya'yan masu kuɗi. A watan Mayu na 1938 ƙungiyar masu gidajen silima masu zaman kansu ta New York, ƙarƙashin Harry Brandt, ta sayi shafi a jaridar 'yan fim ta jera sunayen taurarin da ta ce guba ne ga akwatin tikiti. Greta Garbo tana ciki, da Joan Crawford, da Marlene Dietrich, da Mae West, da Kay Francis, da ita Hepburn. RKO ya miƙa mata wani ƙaramin fim wanda kowa ya san ma'anarsa. Ta biya kuɗi ta fanshi kwangilarta ta koma gidan iyayenta a Connecticut.

A nan Philip Barry ya same ta da wasan da yake rubutawa da ita a zuciya, The Philadelphia Story. Labarin wata 'yar masu kuɗi ce mai ji da kanta wadda a jajibirin aurenta na biyu mutanen da ke kewaye da ita suka yi ta sauke mata girman kai har ta zama mutum. Wato an ɗauki ainihin abin da jama'a suke ƙi game da Hepburn aka mai da shi labarin. Ta zuba kuɗinta a wasan, ta karɓi kaso maimakon albashi. Aka buɗe a watan Maris na 1939, aka yi shi sau 417 a New York. Abin da ya fi komai shi ne haƙƙin mayar da wasan fim yana hannunta, attajiri Howard Hughes ne ya saya mata. Duk kamfanin da yake son labarin dole ya ɗauke shi da ita a ciki. Ta sayar wa Louis B. Mayer na MGM a kan dala 250,000, da sharaɗin ita ce jaruma kuma tana da ta cewa a kan darakta da mazan da za su fito tare da ita. Ta zaɓi Cukor. Ta nemi Clark Gable da Spencer Tracy ba ta samu ba, aka ba ta Cary Grant da James Stewart, wanda ba za a kira shi asara ba.

Ki kalli minti na farko na fim ɗin na 1940. Babu magana ko ɗaya. Miji yana barin gida da kayansa, matar ta biyo shi ta jefar masa da kayan lofensa, ta zaro sandar wasan golf ɗinsa ta karya a gwiwa. Ya ɗaga hannu kamar zai naushe ta, ya fasa, ya sa tafin hannu a fuskarta ya tura ta ta faɗi. A yau wannan fitowa ba ta da daɗin kallo, kuma ba na kare ta. Amma lissafin da ke bayanta a fili yake: a bar 'yan kallo su ga ta faɗi tun da wuri, haushinsu ya huce, sannan su zauna su so ta. Fim ɗin ya yi kasuwa sosai, shekara biyu kacal bayan an kira ta guba. Daga baya ta riƙa komawa dandamali da gangan, ta yi Shakespeare a New York a 1950, ta zaga Ostireliya da tawagar gidan wasan Old Vic na Landan a 1955, har wasan waƙa ta yi a 1969 tana da shekara 62. Oscar 4 ta ci a rayuwarta, 3 daga ciki bayan ta kai 60.

Dalilin da ya sa dabarar mallakar haƙƙin nan take da muhimmanci shi ne abin da ya saba faruwa ga waɗanda ba su mallaka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Mace za ta yi wata da watanni tana gina rawa a dandamali, kamfani ya sayi labarin ya ba tauraruwarsa. Tallulah Bankhead ta sha wannan har sau biyu a hannun mutum ɗaya: ita ta yi Dark Victory a 1934 da The Little Foxes a 1939, Bette Davis ta yi finafinansu a 1939 da 1941. Davis ɗin ce kuma ta karɓi The Corn Is Green na Ethel Barrymore. Da za a yi fim ɗin A Streetcar Named Desire a 1951 an kwaso Marlon Brando da Kim Hunter da Karl Malden daga wasan Broadway na 1947, aka bar Jessica Tandy ita kaɗai, aka sa Vivien Leigh saboda ana buƙatar sunan da zai sayar da tikiti. A yi adalci, Leigh ta riga ta taka rawar a Landan, kuma abin da ta yi a fim ɗin ba na wasa ba ne. Tandy sai da ta kai shekara 80 ta ci Oscar. Ethel Merman ta yi Annie Get Your Gun da Gypsy a dandamali, ta rasa su duka a fim. Jack Warner ya ƙi Julie Andrews, wadda ta taka rawar a dandamali, a My Fair Lady na 1964 ya ɗauki Audrey Hepburn, aka sa wata mawaƙiya, Marni Nixon, ta rera yawancin waƙoƙin a madadinta, Andrews kuma ta ci Oscar da Mary Poppins na wannan shekarar. Ba na cewa masu kamfani wawaye ne. Fim na cin kuɗi mai yawa, kuma manomin Kansas bai san wace ce Tandy ba. Sai dai wannan ya nuna miki abin da Hollywood take saye daga Broadway, labari da murya, ba lallai da matar ba.

Ga baƙaƙen fata kuwa tazarar ta fi haka faɗi. Ethel Waters ta jagoranci wasan Mamba's Daughters a Broadway a 1939, ta yi Cabin in the Sky a 1940, ta yi The Member of the Wedding a 1950, kuma ta samu maimaita biyun ƙarshe a fim. Amma a tsarin Hollywood rawar da take jiran baƙar mace ita ce ta 'yar aiki ko mai wanki. Hattie McDaniel ta ci Oscar a 1940 da Gone with the Wind, kuma a wajen bikin an zaunar da ita a wani teburi daban da na abokan aikinta farare. Lena Horne ta sa hannu da MGM a 1942, a yawancin finafinan sai a tsayar da ita ta yi waƙa ɗaya wadda ba ta haɗu da labarin ba, yadda za a iya yanke wajen in za a nuna a jihohin kudu. Rawar da ta fi so, ta Julie a Show Boat na 1951, mace mai jinin baƙar fata, Ava Gardner aka ba. Broadway ma ba aljanna ba ce ga baƙar fata a lokacin, amma a can ne Horne ta samu jagorantar wasa a 1957, a 1981 kuma ta tsaya ita kaɗai ta cika gida wata da watanni.

Sai maganar shekaru. Kamarar da take faɗaɗa fuska ba ta yi wa mace uzuri, kuma kamfanoni sun fi ta rashin uzuri. Namiji yana iya yin soyayya a fim har ya yi furfura, mace tana doshi 40 sai a fara miƙo mata rawar uwa. Gloria Swanson shekararta 50 lokacin da ta fito a Sunset Boulevard a matsayin tsohuwar tauraruwar da duniya ta manta. Daga kujera ta goma a gidan wasa kuwa ba a ƙirga tamojin fuska. Ga shi kuma a 1948 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba manyan kamfanoni da gidajen silimarsu, talabijin ya shigo gidaje, kamfanoni suka rage yawan finafinai suka yi ta sakin 'yan kwangila. Sai hanyar jirgin ta juya. Rosalind Russell ta tafi Broadway a 1953, ta yi Auntie Mame a 1956, da ƙarfin wannan ta dawo ta yi fim ɗinsa a 1958. Colbert ta koma a 1956. Angela Lansbury, da MGM ta yi ta sa wa rawar matan da suka girme ta, sai a 1966 ta zama tauraruwa a dandamali. Lauren Bacall ta yi Cactus Flower a 1965, da za a yi fim ɗin aka ba Ingrid Bergman, wato abin da 'yan fim suka saba yi wa 'yan dandamali ya faɗo kan 'yar fim. A 1970 Bacall ta ci lambar Tony, wato babbar lambar yabon Broadway, da Applause, wasan waƙa da aka ciro daga All About Eve, fim ɗin Davis na 1950 wanda shi kansa labarin jarumar dandamali ce mai tsoron tsufa bayan ta cika shekara 40.

Wani abu da nake yawan ja wa ɗalibai kunne a kai: kada son dandamali ya sa ki raina waɗanda ba su bi ta can ba. Garbo ta yi makarantar wasa a Stockholm amma ba ta taɓa hawa dandamalin Amurka ba, kuma babu wadda ta fi ta sanin abin da kamara take so. Crawford 'yar rawa ce da ta koyi sana'ar a gaban fitila. Marilyn Monroe ta bar Hollywood a tsakiyar tasheta ta je ta zauna a ajin malamin wasa Lee Strasberg a New York a 1955, amma abin da take yi da kamara ba a can ta koya ba. Kuma mu da muke hukunci yau rabin shaida kawai muke da ita. Waɗanda suka ga Laurette Taylor a The Glass Menagerie a 1945 sun yi ta cewa ba su taɓa ganin wasa irinsa ba, amma ba a ɗauke shi a fim ba, ita kuma ta rasu a 1946. Davis tana nan a faifai, Bankhead ta The Little Foxes sai a bakin waɗanda suka gani.

In kina son ganin sana'o'in biyu a wuri ɗaya, nemi Adam's Rib na 1949. Judy Holliday ta yi shekaru tana taka Billie Dawn a wasan Born Yesterday a Broadway tun 1946, amma Harry Cohn na kamfanin Columbia da ya sayi labarin bai so ta, Rita Hayworth yake hange. Sai Hepburn da Cukor da Garson Kanin, marubucin wasan, suka ba ta rawar matar da ta harbi mijinta a wannan fim don Cohn ya gani. Akwai fitowar da lauya, wato Hepburn, take yi mata tambayoyi a gidan yari. Kamara ta tsaya wuri ɗaya na mintuna ba a yanka ba, kamar kana zaune a gidan wasa. Hepburn, babbar tauraruwar fim ɗin, ta zauna a gefe ta ba kamara rabin fuska, ta bar wa baƙuwar fili. Holliday tana ba da labarin yadda ta sayi bindiga, da abin da ta ci a hanya, da muryar nan tata siririya, hannuwanta kusan ba sa motsi. Cohn ya ba ta Born Yesterday, kuma a bikin Oscar na 1951 ita ta ci, a gaban Bette Davis da Gloria Swanson.